Kurdawa: Tambayoyi da Amsoshi a kan Asalinsu, Harshensu da Neman Ƙasarsu

Sunan Kurdawa yakan taso a labaran rediyo duk lokacin da wuta ta kama a arewacin Iraƙi, ko kudu maso gabashin Turkiyya, ko arewacin Siriya, sai dai galibi akan ce "mayaƙan Kurdawa" ne a wuce, ba a tsayawa a faɗi ko su wane ne. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda masu bin waɗannan labarai suka fi maimaitawa, an kuma faro daga na share fage kafin a gangara zuwa masu sarƙaƙiya.

Su wane ne Kurdawa, kuma ina ne mazauninsu?

Kurdawa al'umma ce mai harshenta da al'adunta, wadda ta daɗe da zama a duwatsun Zagros da gabashin duwatsun Toros, yankin da kogunan Dijla da Furat suke samo ruwansu. Suna kiran wannan yanki Kurdistan, wato ƙasar Kurdawa, amma duk wanda ya neme shi a jerin ƙasashen duniya ba zai same shi ba, domin iyakokin Turkiyya da Iran da Iraƙi da Siriya sun yanka shi gida huɗu. Manyan garuruwansu sun haɗa da Diyarbakir da Van a Turkiyya, da Erbil da Sulaimaniyya da Duhok a Iraƙi, da Sanandaj da Mahabad da Kermanshah a Iran, sai Kamishli da Kobani da Afrin a Siriya.

Masu kishin Kurdanci ba su cika son su ce "Kurdawan Turkiyya" ko "Kurdawan Siriya" ba. Sukan ce Bakur, da Bashur, da Rojhilat, da Rojava, ma'ana arewa da kudu da gabas da yamma, domin a nuna cewa ƙasa ɗaya ce aka raba. Ban da waɗannan, akwai Kurdawa a Armeniya da Jojiya da lardin Khurasan na Iran, akwai masu yawan gaske a Istanbul da yaƙi da neman abinci suka kai su, kuma Jamus ce ta fi kowace ƙasar Turai tara su.

Su nawa ne?

Ƙiyasin da aka fi ambata yana tsakanin miliyan 30 da miliyan 40, kuma kusan rabinsu a Turkiyya suke, inda ake ɗaukar su kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. A Iraƙi ma kasonsu bai yi nisa da haka ba, a Iran da Siriya kuwa ana sa su kusan kashi 10 cikin ɗari. Abin da ya sa ake ƙiyasi ba ƙidaya ba shi ne gwamnatocin yankin sun daɗe suna ƙin tambayar mutum ƙabilarsa a ƙidayar jama'a. Rabon Turkiyya da ta wallafa alƙaluman harshen uwa tun ƙidayar 1965, saboda haka duk adadin da aka ji yana ɗauke da siyasar mai faɗinsa: gwamnati ta rage, 'yan kishi su ƙara.

Larabawa ne, ko Turkawa, ko Farisawa?

Ba ko ɗaya daga cikin ukun. Idan aka bi ta harshe, Farisawa ne danginsu na kusa, domin Kurdanci da Farisanci da Balochi da Pashto duk reshe ɗaya ne na babban gidan harsunan Indiya da Turai. Bakurde yana ce wa biyu "du", uku "se", huɗu "char", Bafarishe kuma ya ce "do" da "se" da "chahar". Turkanci daga wani gida ne dabam da ya fito daga tsakiyar Asiya. Larabci kuwa, ko da Kurdanci ya ari kalmomi da yawa daga gare shi ta hanyar addini, a tushen asali ya fi kusa da Hausa bisa kusancinsa da Kurdanci, tun da masana suna sanya Hausa da Larabci a babban gida ɗaya na harsunan Afirka da Asiya.

To daga ina asalinsu yake?

Ra'ayin da masana tarihi suka fi karkata gare shi shi ne Kurdawa gauraye ne: ƙabilu masu magana da harsunan gidan Iran sun shigo duwatsun Zagros ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, suka cuɗanya da mutanen da suka tarar. Kurdawa da yawa suna jingina kansu ga Mediyawa, waɗanda suka haɗa kai da mutanen Babila suka rushe birnin Ninawa a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan nasaba tana da daɗin ji ga mai kishi, amma abin da ya rage na harshen Mediyawa bai wuce sunaye da 'yan kalmomi ba, don haka masana harshe ba su ɗauke ta tabbatacciya ba. Haka nan marubucin Girka Zenofon ya ba da labarin wasu mutanen dutse da ya kira Karduki, waɗanda suka addabi rundunarsu a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau ana jayayya a kan ko su ne kakannin Kurdawa ko kamancin suna ne kawai.

Inda ƙafa take samun wurin takawa shi ne zamanin Musulunci. Tun ƙarni na bakwai Larabawa suke ambatar "Akrad", wani lokaci suna nufin ƙabila, wani lokaci kuma makiyayan duwatsu gaba ɗaya. Kalmar Kurdistan a matsayin sunan lardi ana danganta ta da zamanin Sarkin Saljuƙawa Sanjar a ƙarni na 12.

Kurdanci harshe ɗaya ne, ko harsuna ne da yawa?

Wannan tambaya rabinta ilimi ne, rabinta siyasa. Babban reshe shi ne Kurmanji, wanda mafi yawan Kurdawa suke ji: kusan dukkan na Turkiyya da Siriya, da na yankin Duhok a Iraƙi, da na arewa maso yammacin Iran. Na biyu shi ne Sorani, harshen Sulaimaniyya da Erbil da Kirkuk da Mahabad. Na uku shi ne karin kudu da ake ji a Kermanshah da Ilam. Akwai kuma Zazaki a yankin Dersim da Bingol, da Gorani a duwatsun Hawraman, waɗanda masana harshe da dama suke ware su a matsayin harsuna masu zaman kansu, alhali mafi yawan masu magana da su suna ɗaukar kansu Kurdawa.

Kada mai karatu ya auna wannan bambanci da wanda ke tsakanin Kananci da Sakkwatanci, domin ya wuce nan nesa. Kurmanji yana bambanta namiji da tamata a cikin suna kamar yadda Hausa take yi, Sorani kuwa ya yar da wannan bambanci, kuma yana liƙa wakilin suna a jikin kalma ta hanyar da Kurmanji bai sani ba. Mutumin Diyarbakir da mutumin Sulaimaniyya da ba su saba da juna ba sukan sha wahala kafin su fahimci juna, ko da yake tashoshin talabijin na tauraron ɗan adam sun rage wannan tazara a 'yan shekarun nan.

Da wane irin rubutu suke rubuta shi?

Da biyu, kuma wannan ya ƙara wa rabuwar ƙarfi. Sorani da haruffan Larabci ake rubuta shi, sai dai an yi musu gyara ta yadda kusan kowane wasali yana da harafinsa a cikin layi, ba a dogara da fataha da kisira ba. Kurmanji kuwa da boko ake rubuta shi, bisa tsarin da Jaladat Ali Badirkhan ya shimfiɗa a mujallar Hawar da ya fara bugawa a Dimashƙa a 1932. Kurdawan Tarayyar Sobiyet sun yi shekaru suna amfani da haruffan Rasha. Sakamakon haka, littafin da aka buga a Sulaimaniyya yana iya gagarar ɗalibin Diyarbakir tun daga harafin farko. A Iraƙi ne kaɗai harshen ya daɗe da samun gindin zama a makaranta da ofis, kuma kundin tsarin mulkin 2005 ya sanya shi harshen hukuma tare da Larabci.

Wane addini suke bi?

Mafi yawansu Musulmi ne 'yan Sunna, mabiya mazhabar Shafi'iyya, wadda ta bambanta su da maƙwabtansu Turkawa 'yan Hanafiyya. Ɗariƙun Ƙadiriyya da Naƙshabandiyya suna da tushe mai zurfi a cikinsu, har ma yawancin shugabannin tawayen farko shehunan ɗariƙa ne: Shehu Mahmud Barzanji Baƙadire ne, Shehu Sa'id da gidan Barzani kuma 'yan Naƙshabandiyya ne. Akwai 'yan Shi'a a Kermanshah da Ilam da Bagadaza, akwai Alawiyyawan Anatoliya a Dersim, akwai mabiya Yarsan, sai Yazidawa da wurin ibadarsu mafi tsarki yake kwarin Lalish a arewacin Iraƙi. Yazidawa da Kurmanji suke magana, amma wasunsu sun fi son a ɗauke su al'umma dabam, musamman bayan kisan kiyashin da ƙungiyar IS ta yi musu a Sinjar a watan Agustan 2014, lokacin da dakarun Kurdawan Iraƙi na Peshmerga da ke gadin yankin suka janye suka bar su.

Da gaske ne Salahuddin al-Ayyubi Bakurde ne?

Gaskiya ne. An haife shi a Tikrit wajen 1137 a gidan Kurdawa da suka fito daga yankin Dwin na Armeniya, ya ci yaƙin Hittin ya karɓi Ƙudus a 1187, ya rasu a Dimashƙa a 1193. Sai dai da sunan Musulunci ya yi mulki da yaƙi, ba da sunan ƙabila ba, kuma kishin ƙasa irin na yau bai wanzu a zamaninsa ba. Abin da ke ba Kurdawa takaici shi ne gwamnatocin kishin Larabci sun mayar da gaggafarsa tambarin ƙasa a Masar da Iraƙi, kuma Saddam Hussein, ɗan yankin Tikrit, ya riƙa kamanta kansa da shi a daidai lokacin da yake halaka dangin mutumin.

Ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suna da wata alaƙa da Kurdawa da ba kowa ya lura da ita ba. Ibnul Hajib, babban malamin fiƙihun Malikiyya da nahawu wanda ya rasu a Iskandariyya a 1249, ɗan Bakurde ne da ya yi aikin hajibi, wato mai iso, a fadar wani amir. Shehu Khalil ya yi wa Mukhtasar ɗinsa sharhi mai suna Taudihi, kuma a kan wannan turba ya gina nasa Mukhtasar da ake karantawa a zaurukanmu. Ibnus Salah, jigo a ilimin hadisi, shi ma daga Shahrazur ya fito, a ƙasar Kurdawa.

Sun taɓa mulkin kansu kafin zamanin yau?

Sun yi masarautu, amma ba su taɓa haɗuwa ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Bayan yaƙin Chaldiran na 1514 tsakanin Daular Usmaniyya da Safawiyyawan Iran, malami Idris Bitlisi ya jawo yawancin sarakunan Kurdawa suka bi Sarkin Musulmin Usmaniyya bisa sharaɗin a bar musu gadon sarautarsu. Yarjejeniyar Zuhab ta 1639 ta shata iyakar daulolin biyu ta tsakiyar ƙasarsu, kuma wannan ce rabuwa ta farko. Masarautu irin su Botan da Baban da Soran da Bitlis, da Ardalan a ɓangaren Iran, sun ci gaba da zama da fadojinsu da malamansu da mawaƙansu har tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da gwamnatin Usmaniyya ta ƙudura tattara mulki a hannunta. An murƙushe Badirkhan Beg na Botan a 1847, kuma da sarakuna suka kau sai shehunan ɗariƙa da shugabannin ƙabilu suka cike gurbinsu. Jarida ta farko mai suna Kurdistan a Alƙahira aka fara buga ta a 1898, ba a ƙasar da take ɗauke da sunanta ba.

Me ya hana su samun ƙasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Akan ɗora laifin kacokan a kan yarjejeniyar sirri ta Sykes da Picot ta 1916 tsakanin Birtaniya da Faransa, amma maganar ta fi haka tsawo. Yarjejeniyar Sevres ta watan Agustan 1920 ta tanadi cin gashin kai ga Kurdawan gabashin Anatoliya, da damar neman cikakken 'yanci a cikin shekara guda idan mafi yawansu sun so kuma Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta yarda. Wannan takarda ba ta taɓa aiki ba, domin Mustafa Kamal, jagoran 'yan kishin Turkiyya, ya ƙi ta, ya ci yaƙi, ya tilasta aka sake zama a Lausanne, aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya a watan Yulin 1923, inda ko sunan Kurdawa ba a ambata ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shugabannin Kurdawa da yawa sun yi yaƙi ne a gefen Mustafa Kamal. Wasu don kare halifanci, wasu kuma don tsoron kada a kafa ƙasar Armeniyawa a kan filayen da suke zaune, ga shi wasu ƙabilun sun sa hannu a kisan Armeniyawa na 1915 sun kuma gaje dukiyarsu. Lardin Mosul mai man fetur Birtaniya ta riƙe shi, aka haɗa shi da Iraƙi a 1926, bayan jiragenta sun yi ta ruwan bama-bamai a kan Shehu Mahmud da ya naɗa kansa sarkin Kurdistan a Sulaimaniyya a 1922. Iyakar Turkiyya da Siriya kuwa layin dogo aka bi aka shata ta, shi ya sa har yau mutanen wurin suke cewa "saman layi" da "ƙasan layi", kuma garin Nusaybin yana kallon Kamishli ta cikin waya.

Gaskiya ne an taɓa haramta Kurdanci a Turkiyya?

Gaskiya ne. Bayan soke halifanci a 1924 aka rufe makarantun addini da ƙungiyoyin Kurdawa, kuma tawayen Shehu Sa'id na 1925, da na dutsen Ararat da ya ƙare a 1930, da na Dersim a 1937 zuwa 1938, duk da jini aka kashe su. Hukuma ta shafe shekaru tana kiran Kurdawa "Turkawan dutse", aka sauya sunayen dubban ƙauyuka. Gwamnatin soja ta kafa doka a 1983 da ta hana wallafa komai da harshen, ba a soke ta ba sai 1991 a zamanin Shugaba Turgut Ozal. A shekarar ce 'yar majalisa Leyla Zana ta ƙara jimla ɗaya ta Kurdanci a rantsuwarta, majalisa ta kaure da hayaniya, kuma daga 1994 ta yi shekara goma a kurkuku bisa zargin alaƙa da PKK.

Sassauci ya zo a hankali. An buɗe tashar talabijin ta gwamnati da Kurdanci a 2009, aka shigar da shi darasin zaɓi a makarantu a 2012, aka halatta haruffan q da w da x a 2013, waɗanda babu su a rubutun Turkanci kuma a da sukan jawo a ƙi yi wa jariri rajistar suna. Abin da ya rage, wanda kuma shi ne ƙashin bayan buƙatunsu, shi ne a koyar da yaro lissafi da kimiyya da harshen uwarsa a makarantar gwamnati.

Mece ce PKK?

Jam'iyyar Ma'aikatan Kurdistan ce, wadda Abdullah Ocalan da abokansa suka kafa a 1978 bisa aƙidar gurguzu, ta ɗauki makami a watan Agustan 1984. Rikicin ya ci rayuka fiye da 40,000. Sojoji sun tashi ƙauyuka kusan 3,000 a shekarun 1990, ita kuma ƙungiyar ta kashe malaman makaranta da iyalan 'yan sintirin ƙauye da gwamnati ta ba bindiga, waɗanda su ma Kurdawa ne. Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai sun sanya ta a jerin ƙungiyoyin ta'addanci. An kama Ocalan a Nairobi a watan Fabrairun 1999, aka tsare shi a tsibirin Imrali, kuma daga kurkuku ya sauya matsayi: ya bar neman ƙasa, ya koma kiran tsarin majalisun gari da unguwa a cikin iyakokin da ake da su.

Sulhun da aka fara a 2013 ya wargaje a 2015. A ranar 27 ga Fabrairun 2025 Ocalan ya yi kira ga ƙungiyar ta ajiye makami, ta sanar da rusa kanta a watan Mayu, kuma a watan Yuli wasu mayaƙa 30 suka ƙona bindigoginsu a kusa da Sulaimaniyya. Kuskure ne babba a ɗauka PKK ita ce Kurdawan Turkiyya, domin miliyoyinsu suna zaɓen jam'iyyun Kurdawa masu rajista, wasu miliyoyin kuma sun daɗe suna zaɓen jam'iyyar Shugaba Erdogan.

Yaya labarin Kurdawan Iran?

A Iran ne aka kafa Jamhuriyar Mahabad a ranar 22 ga Janairun 1946 ƙarƙashin Alƙali Muhammad, da inuwar sojojin Sobiyet. Da Sobiyet ta janye, jamhuriyar ba ta kai ƙarshen shekara ba, aka rataye shugabanta a dandalin garin a watan Maris na 1947. Bayan juyin juya halin 1979 sun nemi cin gashin kai aka amsa musu da soja, sannan aka bi shugabannin jam'iyyarsu har Turai: an harbe Abdurrahman Ghassemlou a Vienna a 1989, magajinsa Sadik Sharafkandi kuma a Berlin a 1992. Mahsa Amini, wadda mutuwarta a hannun 'yan sandan ɗa'a a watan Satumbar 2022 ta tayar da zanga-zanga a faɗin Iran, Bakurdiya ce daga Sakkez, sunanta na gida Jina.

Mene ne Anfal da Halabja?

Mustafa Barzani, jagoran Kurdawan Iraƙi, ya yi tawaye daga 1961, ya samu yarjejeniyar cin gashin kai a watan Maris na 1970 wadda ta lalace a kan maganar Kirkuk, ya koma daji da taimakon Sarkin Iran da Amurka. Da Iran da Iraƙi suka shirya a Aljiyas a 1975, cikin 'yan kwanaki aka yanke taimakon, tawayen ya rushe. A ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi, saboda jam'iyyun Kurdawa sun sake haɗa kai da Iran, Saddam ya ba ɗan'uwansa Ali Hassan al-Majid wuƙa da nama a arewa. Farmakin 1988 da suka lanƙaya wa sunan surar Alƙur'ani, Anfal, ya shafe dubban ƙauyuka. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda aka kashe tsakanin 50,000 da 100,000, Kurdawa kuwa suna cewa 182,000. A ranar 16 ga Maris na shekarar aka zuba wa garin Halabja iska mai guba, mutum kusan 5,000 suka mutu, mafi yawansu fararen hula.

Yankin Kurdistan na Iraƙi ƙasa ce mai cin gashin kanta?

Ba ƙasa ba ce, ko da yake ya fi kowane yanki na Kurdawa kusa da zama haka. Bayan boren 1991 da gudun hijirar da ya biyo baya, Amurka da Birtaniya da Faransa sun hana jiragen Iraƙi shawagi a arewa, aka yi zaɓen majalisa a 1992, sannan kundin 2005 ya amince da yankin a cikin tsarin tarayya. Yana da shugabansa da majalisarsa da tutarsa da dakarun Peshmerga, kalmar da ke nufin masu fuskantar mutuwa, amma ba shi da kuɗinsa ko fasfo ko kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun 2005 kuma aka saba ba Bakurde kujerar shugaban Iraƙi, farawa da Jalal Talabani.

A ranar 25 ga Satumbar 2017 aka yi ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 92 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa. Isra'ila ce kaɗai ta fito fili ta goyi baya. Bagadaza ta hana jiragen ƙasashen waje sauka a yankin, ta ƙwace Kirkuk a ranar 16 ga Oktoba kusan ba tare da turjiya ba, shugaban yankin Mas'ud Barzani ya sauka daga mulki. Wannan faɗuwa ta sake tono tsohon miki tsakanin jam'iyyar KDP ta gidan Barzani da PUK ta gidan Talabani, waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1994 zuwa 1998, har KDP ta gayyato sojojin Saddam suka taya ta karɓe Erbil a 1996, shekara takwas kacal bayan Anfal da Halabja.

Yaya aka yi Kurdawan Siriya suka yi suna haka?

Su ne mafi ƙaranci kuma su ne aka daɗe ana mantawa da su. Ƙidaya ta musamman a lardin Hasaka a 1962 ta raba kusan mutum 120,000 da takardar zama ɗan ƙasa, 'ya'yansu ma suka gaji rashin. Da sojojin Assad suka janye daga arewa a 2012, jam'iyyar PYD mai bin koyarwar Ocalan da dakarunta na YPG suka karɓi iko. Tsayuwar da suka yi a Kobani daga Satumbar 2014 zuwa Janairun 2015 ita ta jawo musu ƙawance da Amurka, aka kafa rundunar SDF da ta haɗa da Larabawa, ta karɓe Raƙƙa a 2017 da Baghuz a 2019. Tsarinsu na sanya mace da namiji a kowace kujerar shugabanci ya burge Turawa, amma an zarge su da takura wa jam'iyyun Kurdawa abokan hamayya da ɗaukar ƙananan yara aikin soja.

Turkiyya tana kallon YPG a matsayin PKK da ta sauya riga (duba amsar da ta shafi PKK), don haka ta karɓe Afrin a 2018, ta sake kutsawa a Oktobar 2019 bayan Shugaba Trump ya janye sojojinsa daga bakin iyaka. Bayan faɗuwar Assad a Disambar 2024, kwamandan SDF Mazlum Abdi da sabon shugaban Siriya Ahmad al-Shara'a sun sa hannu a ranar 10 ga Maris na 2025 a kan shigar da dakarunsa da hukumominsa cikin gwamnatin Siriya.

Shin dukkan Kurdawa ƙasa ɗaya suke nema?

A zuci, da yawa suna so, kuma a bikin Nawroz na 21 ga Maris, inda ake hura wuta a kan duwatsu don tunawa da maƙeri Kawa da ya kashe azzalumin sarki a tatsuniyarsu, mutum zai rantse al'umma ɗaya ce mai buri ɗaya. A teburin siyasa kuwa buƙatun sun bambanta. Jam'iyyun Turkiyya suna neman karatu da harshen uwa, da ambaton Kurdawa a kundin tsarin mulki, da a daina tsige zaɓaɓɓun shugabannin birane ana naɗa kantomomi. Na Iran galibi tsarin tarayya suke kira, na Siriya a rage ƙarfin gwamnatin tsakiya, na Iraƙi kuma tun 2017 hankalinsu ya koma kan kason kasafin kuɗi da albashin ma'aikata da ke makara.

Kurdawa suna da karin maganar da ke cewa ba su da aboki sai duwatsu, kuma abin da ya faru a 1946 da 1975 da 2019 ya ba ta hujja. Amma a ganin mai wannan rubutu, karin maganar tana rufe rabin labarin, domin kusan kowace jam'iyyar Kurdawa ta taɓa jingina da gwamnatin da ke danne Kurdawan maƙwabciyar ƙasa. KDP tana ɗasawa da Ankara, wadda take da sansanonin soja a cikin yankinta, PUK kuma ta fi kusa da Tehran. Ga kuma yanayin ƙasa: yankin ba shi da teku, ruwan Dijla da Furat da manyan madatsun Turkiyya suna cikinsa, man Kirkuk yana bakinsa, saboda haka babu ɗaya daga cikin ƙasashen huɗu da za ta sake shi da daɗin rai. Bututun da gwamnatin Erbil take dogara da shi wajen kai manta kasuwar duniya ta ƙasar Turkiyya ya bi zuwa tashar Ceyhan, kuma da aka rufe shi a watan Maris na 2023, ba a samu wata hanyar da za ta maye gurbinsa a lokacin ba.